Lusifares, MPRA ko CRISPR: wanne za ka ɗauka don gwada tasirin mazaunin tambari a kan DNA?

A furomota (yankin DNA da ke kunna ƙwayar gado) ta ƙwayar gadon gamma-gulobin, wadda ke samar da himogulobin ɗin jarirai, tambari mai haruffa shida, TGACCA, ya zo sau biyu. Na farko yana zaune daga -118 zuwa -113, na biyu daga -91 zuwa -86, ana ƙirgawa baya daga inda kwafi ke farawa; haruffa 27 kacal ne daga farkon ɗaya zuwa farkon ɗayan. Rubutunsu ɗaya ne, amma furotin BCL11A, wanda ke rufe wannan ƙwayar gado bayan haihuwa, na nesan yake hawa. Na kusan ya haɗu da akwatin CCAAT inda furotin NF-Y ke zama yana kunna kwafi. Mutanen da aka haifa da canjin harafi a tambarin nesa suna ci gaba da yin himogulobin ɗin jarirai har tsufa, idan kuma suna da sikila, ciwon yana zuwa musu da sauƙi. A Ghana, ƙasar da kusan jarirai 2 cikin 100 ke zuwa duniya da sikila, kuma tun 1995 ake gwajin jarirai a Kumasi, ɗalibin da ya tambayi me ya sa wannan mazauni ya yi aiki wancan bai yi ba, ya yi tambaya mai nauyi.

Abin da ke wahalar da ɗalibai a jami'o'in Legon da KNUST shi ne zaɓen kayan aiki. Hanyoyi uku ake da su a hannu: filasmid (ƙaramin zoben DNA) mai lusifares (furotin da ke ba da haske), gwajin dubban jeri a lokaci ɗaya da ake kira MPRA, da gyaran DNA a ainihin wurinsa da CRISPR. Ra'ayinmu shi ne nisan da ke cikin tambayarka ne ya kamata ya zaɓa maka, kafin a zo maganar kuɗi ko abin da ake yayi.

Mu daidaita kalmomi tukuna. Tambari shi ne ɗan gajeren jerin haruffa, galibi 6 zuwa 12, da wani furotin ke ganewa ya hau kai. Mafarin kwafi shi ne harafin da enzayim ɗin folimares ke fara kwafar RNA daga kansa, ana ba shi lamba +1. Abin da ke kafinsa yana ɗaukar alamar ragi, abin da ke bayansa alamar ƙari. Tun nan ake fara ɓata. Canjin da ya sa kusan duk mutanen Afirka ta Yamma ba su da furotin Duffy a kan jajayen ƙwayoyin jini, abin da ke ba su kariya daga zazzaɓin cizon sauro na vivax, harafi ɗaya ne a tambarin GATA1. Za ka gan shi a rubuce -33 a wata takarda, -46 a wata, -67 a wata, alhali harafi ɗaya ake nufi. Kowa da inda ya fara ƙirga. Idan ba ka rubuta a littafin aikinka daga ina kake ƙirga ba, za ka yi odar DNA da ya goce, ba za ka gane ba sai bayan wata biyu.

Tamburan da ke manne da mafari ba sa yafe kuskure. Akwatin TATA a jikin mutum da dabbobi yana farawa wajen -31 ko -30, domin furotin TBP yana hawa kansa ya lanƙwasa DNA, sauran injin kwafi kuma ya jeru daga nan da tsayin da ba ya canzawa. Ka matsar da TATA, mafarin ya bi shi ko kwafin ya raunana. A ƙudan Drosophila tambarin DPE yana +28 zuwa +32, ƙarin harafi ɗaya tsakaninsa da mafari yana rage kwafi ninki da yawa. Yis ɗin burodi kuwa nasa tsarin daban: TATA na iya zama haruffa 40 zuwa 120 kafin mafari, folimares ya yi ta lalube har ya samu wurin farawa. Don haka sakamakon yis a kan wannan tazara ba ya hawa kan mutum kai tsaye.

Daga wajen -40 zuwa -200 akwai sassauci, sai dai wani abu ya shigo: murɗi. DNA igiya ce murɗaɗɗiya mai cika zagaye ɗaya a haruffa 10.5. Ka cusa haruffa 5 tsakanin tambura biyu, furotin ɗin da suke fuskantar juna sun juya wa juna ƙeya. Ka cusa 10, sun sake haɗa fuska ko da yake sun ƙara nisa. An nuna haka a furomotar ƙwayar cutar SV40 tun 1986, sannan a 2012 ɗakin binciken Eran Segal ya sake ganin hawa da sauka duk bayan haruffa kusan 10 a cikin furomota fiye da 6,000 da suka ƙera wa yis. A 2024 Sascha Duttke da abokan aikinsa suka nuna cewa NRF1 da NF-Y da Sp1, waɗanda kowa ya sani da kunna kwafi, suna kunnawa ne idan suna kafin mafari, idan aka mayar da su bayansa suna iya danne shi, YY1 kuwa bayan mafari ya fi so.

Sai na can nesa, wato inhansa, yankin DNA da ke ingiza kwafi daga nesa. A 1981 aka gano cewa wani yanki mai haruffa 72 na SV40 yana ingiza kwafi daga nesa, ko an juya shi ta wace fuska. Inhansar ZRS da ke tsara yatsu tana nesa da ƙwayar gadon Shh da haruffa kusan miliyan ɗaya. Inhansar BCL11A ta jajayen ƙwayoyin jini tana +58,000, kuma tambarin GATA1 da ke cikinta ne maganin sikila Casgevy ke yankewa, wanda Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023. Akwai ma wani gogewar DNA mai haruffa fiye da 80,000 da littattafai ke kira HPFH-2, irin na Ghana, wanda ya share delta da beta-gulobin ya bar gamma a kunne. Ɗaya daga cikin bayanan da aka bayar shi ne gogewar ta jawo wata inhansa daga nesa ta ajiye ta kusa da gamma.

To, lusifares. Kana ɗaukar filasmid marar furomota irin pGL4.10, ka dasa furomotarka tsakanin wuraren yankan enzayim KpnI da HindIII, ka saka cikin ƙwayoyin sel tare da filasmid na biyu mai Renilla, wani lusifares daban, don daidaita awo, bayan awa 24 zuwa 48 ka fasa sel ɗin ka auna haske. A faranti mai rijiya 96 ana zuba kamar nanogiram 100 na DNA a kowace rijiya, a mai rijiya 24 kamar 500. Renilla ya zama kashi ɗaya cikin 10 zuwa 50 na babban filasmid, kuma a ƙarƙashin furomota mai rauni irin TK. Idan ka sa shi ƙarƙashin furomota mai ƙarfi irin CMV zai wawushe furotin ɗin da furomotarka ke buƙata, ma'aunin da kansa ya zama ɓarawon awo.

Ƙirar jerin ita ce rabin aikin, nan ya kamata ka daɗe. Kada ka gwada wuri biyu kawai ka ce ka gano tasirin nisa, domin ba za ka iya raba nisa da murɗi ba. Ka yi aƙalla matsi biyar: asali, sai matsin haruffa 5, 10, 15 da 21 daga asalin. Idan haske ya faɗi a 5, ya tashi a 10, ya sake faɗi a 15, fuskar igiya ce ke magana. Idan ya yi ta sauka a hankali babu tashi, nisa ne. Sannan akwai bambanci tsakanin cusawa da rubutawa a kai. Cusa haruffa yana tura duk abin da ke bayan tambarin, ka ga ka matsar da tambura uku kana zaton ɗaya ka taɓa. Rubutawa a kai yana riƙe tsawon jerin yadda yake, amma yana goge abin da ke wurin da. Mu mun fi son rubutawa a kai, da sharaɗin kowane sabon wuri ya samu ɗan rakiya: jeri iri ɗaya, a wuri ɗaya, amma an hargitsa haruffan tambarin. Shi ne zai gaya maka ko faɗuwar haske daga zuwan tambari ce ko daga gogewar abin da ya tarar. Wuri biyar, fuska biyu, kowanne da ɗan rakiyarsa, filasmid 20 ke nan. Rijiya uku-uku, 60, har yanzu faranti ɗaya ya ɗauke su da sauran wuri na filasmid ɗin da babu komai.

Kafin ka yi oda, ka wuce da kowane jeri ta JASPAR da FIMO, kayan kwamfuta masu nemo tambura. Mahaɗar sabon yanki da tsoho takan haifi tambarin da ba ka gayyata ba. Haruffan cikon da ke da G da C da yawa suna ƙera GGGCGG, wato kujerar Sp1, masu A da T da yawa kuma suna ƙera ɗan TATA na bogi.

Babban ramin lusifares shi ne furotin yake aunawa, kai kuwa RNA kake tambaya. Duk tambarin da ka sa bayan +1 ya shiga cikin RNA ɗin kansa. Tambarin YY1, idan aka karanta shi ta fuskar AAGATGGCGG, yana ɗauke da ATG, haruffan da ribosom ke fara ƙera furotin daga kansu. Ka dasa shi kafin ATG na lusifares ba a kan layin karatu ɗaya ba, ribosom ya fara daga nan, haske ya mutu, kai kuma ka rubuta cewa YY1 ya danne kwafi alhali kwafi lafiyarsa lau. Maganin shi ne auna RNA ɗin lusifares da RT-qPCR bayan ka narkar da DNA da DNase, ka kuma yi 5' RACE, gwajin gano inda kwafi ya fara, a kan jeri biyu ko uku mafi muhimmanci. Sau da yawa tambarin da aka matsar yana jan mafari ya bi shi, jimillar haske ba ta canza ba, amma wurin farawa ya ƙaura. Wanda ya dogara da haske kaɗai zai ce wuri ba shi da tasiri.

Zaɓen sel ma haka. HEK293T na karɓar DNA cikin sauƙi, shi ya sa kowa ke gudu wurinsa, amma ba sel ɗin jini ba ne, ba shi da GATA1. Gwada tambarin Duffy ko na gulobin a cikinsa shuka ce a kan dutse. K562 ya fi kusa, sai dai gamma yake yi ba beta na manya ba, kuma ya fi karɓar DNA ta bugun lantarki. HUDEP-2 shi ne mai beta na manya, amma abincinsa tsada ne da shi: SCF, EPO, dekzametason da dokzisaikilin, kuma ba ya jure sakaci. Ka maimaita gwajin a ranaku uku daban, da filasmid da aka tsarkake sau biyu daban, domin bambancin tsarki tsakanin kwalba biyu kaɗai na iya kama da tasirin tambari. Ruwan awon lusifares kuma ba ya son narkewa da sake daskarewa. Ka raba shi ƙananan kwalabe tun ranar farko, ka ajiye a firizar da ke kan janareto, don ɗaukewar wuta (dumsor) ta dare ɗaya ya isa ya rage masa ƙarfi.

Da komai a hannu, wata biyu zuwa uku sun isa. Ga ɗalibin digiri na biyu mai tambaya a kan furomota ɗaya, cikin haruffa 200 daga mafari, wannan ita ce hanyar. Canje-canjen -29 a akwatin TATA da -88 a akwatin CACCC na beta-gulobin, waɗanda ake yawan samu a beta-talasimiyar 'yan asalin Afirka, irin tambayar da filasmid ke amsawa ne da kyau.

MPRA lusifares ne da aka ninka sau dubbai, an sauya haske da ƙirgen RNA. Kana odar dubban gajerun DNA a kwalba ɗaya, tsawon kowanne 200 zuwa 300, kowanne da lambar shaida ta haruffa da za ta fito a RNA. Ka dasa su gaba ɗaya, ka saka a sel, ka karanta lambobin a RNA da a DNA, ka raba na farko da na biyu. Bari mu yi lissafi a fili. Tambari ɗaya, ana matsar da shi harafi-harafi daga -100 zuwa +50, wuri 150. Fuska biyu, 300. A kan furomota uku daban, don kada abin da ka gani ya zama halin furomota ɗaya, 900. Lambar shaida 20 ga kowanne, 18,000. Idan kana son karatu 100 a kan kowace lamba, miliyan 1.8 ke nan ga samfur ɗaya, samfur shida kusan miliyan 11, wanda gudu ɗaya na injin karatun DNA MiSeq mai ba da kusan miliyan 25 zai ɗauka. Wato ƙaramin MPRA bai fi ƙarfin Accra ba. Cibiyoyin bincike na WACCBIP da Noguchi da ke Legon sun karanta jerin ƙwayar korona tun 2020, injinan da masu hannu a kansu suna nan.

Inda ake faɗuwa shi ne tsakiyar aikin. Zagayen PCR da ya yi yawa wajen ninka kwalbar farko yana sa wasu jeri su mamaye, wasu su ɓace, wasu su haɗe rabi da rabi su ɗauki lambar da ba tasu ba. Ka tsaya a mafi ƙarancin zagayen da zai ba ka DNA. Wajen saka filasmid a bakteriya kana buƙatar ɗigon bakteriya da suka tsiro aƙalla ninki 10 na lambobinka, wato 180,000 zuwa sama, abin da ba ya samuwa sai da bakteriyar bugun lantarki mai kyau. Sel kuma miliyoyi ake nema a kowane maimaici. Idan DNase bai gama aikinsa ba, filasmid ɗin da ya saura a RNA zai sa duk jerin su yi kama da juna, ka ga layi a miƙe ka ce babu tasiri. Sannan dole a samu mai iya R ko Python tun kafin a yi oda, domin shi zai tsara kwalbar.

Gargaɗi ɗaya: STARR-seq, wanda ɗakin Alexander Stark a Biyana ya fito da shi a 2013, ɗan gidan MPRA ne amma bai dace da wannan tambaya ba. Yana ajiye jerin gwaji a ƙarshen RNA, nesa da mafari, inhansa yake farauta. MPRA na yau da kullum ma jimillar RNA yake ba ka. Idan kana son sanin inda kwafi ya fara, sai irin wanda ke karanta kan RNA ɗin, kamar TSS-MPRA da aka yi aikin Duttke na 2024 da shi.

MPRA na wanda ke neman ƙa'ida ne, mai tambayar a ina wannan furotin ke aiki a furomota gaba ɗaya. Aikin digiri na uku ne, ko na ɗaki mai mutum uku. Wanda ke da furomota ɗaya da wuri biyar ba ya buƙatarsa.

Hanyoyin biyu suna da aibi ɗaya: filasmid ba kuromosom ba ne. A cikin sel DNA a naɗe yake kamar zare a mazari, haruffa 147 a kan kowane dunƙulen histon, kuma tambarin da ya faɗa tsakiyar naɗi sau da yawa furotin ba ya isa gare shi. Filasmid na kwana biyu ba ya samun wannan naɗi yadda ya kamata, yana kuma shiga da kwafi masu yawa. Mafi muni, ba za ka iya gwada nisan haruffa 58,000 a filasmid mai 5,000 ba. Inhansar da ka manna kusa da ƙaramar furomota a pGL4.23 ta gaya maka tana iya ingizawa, ba ta gaya maka wace ƙwayar gado take ingizawa a gida ba. Ƙwayar cutar lentibairos tana shigar da jerin cikin kuromosom, ta gyara matsalar naɗi kaɗan, amma a wurin da ta ga dama.

Nan CRISPR ke shigowa. Idan tambayarka ta wuce haruffa dubu, ko ta shafi fuskar tambarin CTCF da ke ɗaure madaukin kuromatin (DNA naɗaɗɗe), wanda a 2014 aka nuna yawancinsu suna fuskantar juna ne, babu wata hanya sai gyara a ainihin wurin. Cas9, almakashin CRISPR, na yanka DNA a haruffa 3 kafin jerin NGG. Idan ka bar sel ya ɗinke da kansa, zai ƙara ko ya rage haruffa yadda ya so, ka lalata tambari ka kuma canza tazara a lokaci ɗaya, ba ka san wanne ya yi aiki ba. Don matsi na daidai kana buƙatar ɗan DNA na samfuri, wanda ya fi kamawa idan canjin yana cikin haruffa 10 daga yankan, ko gyaran firaim na 2019 da ke cusa haruffa ba tare da tsinke igiya biyu ba. Masu sauya harafi ɗaya, C zuwa T ko A zuwa G, suna kashe tambari da tsabta amma ba sa matsar da shi. CRISPRi mai KRAB, wanda ke danne kwafi ba tare da yanka ba, yana rufe yanki mai faɗin ɗaruruwan haruffa zuwa dubu, ya dace da tambayar ko wannan inhansa tana da amfani, bai iya bambance -115 da -88 ba.

Gamma-gulobin na da tarkonsa na musamman. Kwafi biyu ne, HBG1 da HBG2, furomotarsu kusan ɗaya, tazararsu kamar haruffa 4,900. Jagoran RNA da ya kai Cas9 ya yanka ɗaya zai kai shi ya yanka ɗayan, sel kuma yakan ɗinke bakin biyu ya zubar da tsakiyar. PCR na kusa da yankan ba zai nuna maka ba, sai ka tsara wani da zai tsallaka tazarar ko ka ƙirga kwafi. K562 kuma kuromosom ɗinsa sun fi biyu-biyu a wurare da yawa, gyara kwafi ɗaya bai isa ba. Zuriyar sel da aka raino daga ƙwaya ɗaya takan bambanta da 'yar'uwarta ko ba a taɓa ta ba, musamman a yawan himogulobin ɗin jarirai, don haka zuriya uku masu gyara da uku marasa gyara da suka bi wahala iri ɗaya su ne mafi ƙarancin abin da malaminka ya kamata ya karɓa. Ka ware wata huɗu zuwa shida ga canji ɗaya ko biyu.

Wanda ke da shekara ɗaya da tambari kusa da mafari, ya yi lusifares da matsi biyar da 5' RACE. Wanda sakamakonsa ya nuna wuri ɗaya da ya yi fice kuma yana da sauran lokaci, ya kai wannan wurin kaɗai ga CRISPR. Fara CRISPR ba tare da filasmid ya nuna maka inda za ka nufa ba kashe wata shida ne a kan hasashe, sai dai idan nisan ya fi ƙarfin filasmid tun farko.

Duk wadda ka zaɓa, ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin lentibairos da gyaran DNA na buƙatar amincewar kwamitin kula da lafiyar halittu na jami'arka, a ƙarƙashin dokar Ghana ta 2011 mai lamba 831, kuma takardu suna cin makonni. Gajerun DNA a bushe suke zuwa, suna jure zafin hanya da jiran fito da kaya a filin jirgin saman Accra. Enzayim da Cas9 da ruwan lusifares da bakteriyar bugun lantarki a kan ƙanƙara suke tafiya, ita kuwa kwanaki kaɗan take yi. Ka haɗa odarsu wuri ɗaya, ka sa su sauka farkon mako, takardun fito da kaya suna hannu tun kafin jirgin ya taso.